HANKALI KE GANI: YADDA ZA MU NATSU A TSAKIYAR AIKI



Da zarar ruwa ya zauna, manomi ba shi da sauran lokacin kansa. Huɗa tana jira, shuka tana jira, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Kafin a gama noman fari lokacin zuba taki ya yi, kafin a gama zuba taki maimai ya taso. Uwargida ta tashi tun da duhu, ta ɗebo ruwa, ta kai niƙa, ta ɗora tukunya, ta shirya yara, kana ta bi sawu zuwa gona da goyo a baya. Ga taron ƙungiya, ga bashin taki, ga kuɗin makaranta.

A ƙarshen shekara, sa'ad da aka zauna lissafi, akan ambaci hasarar da fari ya jawo, da ta ƙwari, da ta tsadar taki. Akwai wata hasara kuma wadda ba ta shiga littafin magatakarda. Ita ce hasarar aikin da hannu ya yi alhali hankali yana wani wuri. Wani ya zuba maganin feshi sau biyu a tanki ɗaya, don ya manta ya riga ya zuba. Wani ya sari ƙafarsa da fartanya yana tunanin bashi. Ma'aji ya ƙirga kuɗi ana yi masa hira, lissafi ya ƙi daidaita, zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Kalma ɗaya ta kuɓuce cikin gajiya, gida ya kwana ba shiri.

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan yadda mutum zai riƙe hankalinsa a inda hannunsa yake, ba tare da ya ajiye aikinsa ba.

MECE CE NATSUWAR HANKALI?

Abin da muke nufi shi ne mutum ya san abin da yake yi a lokacin da yake yinsa. In yana noma, ya ji nauyin fartanya, ya ga inda bakinta yake sauka. In matarsa tana magana, ya ji abin da take faɗa, maimakon ya riƙa shirya amsa a zuci. Idan kuma hankalin ya gudu, ya lura da cewa ya gudu, ya maido shi ba tare da zagin kansa ba.

Wannan na ƙarshe shi ne gindin maganar. Mutane da yawa suna tsammani natsuwa ita ce a share tunani duka daga kai. Babu mai iya haka. Duk wanda ya taɓa horar da shanun huɗa ya san yadda abin yake. Sabon bijimi yakan bar layi ya nufi ganye. Mai garma ba ya jefar da igiya ya koma gida, ba ya kuma rufe shi da duka. Yakan ja igiya sannu ya maido shi. In ya sake kaucewa, a sake maido shi, ko sau ɗari ne a yini. Maidowar nan ita ce horon. A kwana a tashi sai ka ga bijimin yana bin kunya da kansa. Haka hankali yake.

IDO GULULU NE

Kakanninmu suka ce hankali ke gani, ido gululu ne. Malaman kimiyya sun gwada wannan magana, ta kuwa tabbata.

A shekarar 1999 wasu malamai biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane wani gajeren majigi. Matasa shida ne suke jefa wa juna ƙwallo, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe. Aka ce masu kallo su ƙirga sau nawa 'yan ɓangare ɗaya suka miƙa wa juna ƙwallon. Ana cikin wasa sai wani ya shigo sanye da kaya irin na goggon biri, ya ratsa ta tsakiyar 'yan wasan ya wuce. Da aka tambayi masu kallo, kusan rabinsu ba su ga birin ba. Idonsu yana kansa, amma hankalinsu yana wajen ƙirga. In mutum zai kasa ganin goggon biri, yaya ba zai kasa ganin yaro kusa da bel ɗin inji ba?

A shekarar 2010 kuma, wasu malaman jami'ar nan, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka bi diddigin mutum 2,250, yawancinsu Amurkawa. Sukan aika musu tambaya ta wayar hannu a lokacin da ba su zata ba: me kake yi yanzu, me kake tunani, yaya kake ji a ranka? Sai aka tarar a kashi 47 cikin 100 na lokutan da aka tambaye su, tunaninsu ba ya kan abin da suke yi. Aka kuma tarar ba su cika jin daɗi ba a lokacin da hankalinsu yake yawo. Watau kusan rabin yini, gangar jiki tana nan, mai ita ya tafi.

DAGA INA DABARAR TA FITO?

Horon hankali tsohon abu ne. A ƙasar Indiya, sama da shekara 2,000 da suka wuce, mabiya Buda suna koyar da shi. A tsohon harshensu na Pali suna kiransa sati. Ba satin kwana bakwai ba: asalin ma'anar kalmar ita ce tunawa, watau mutum ya tuna inda yake da abin da yake ciki.

A shekarar 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe aji a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts a Amurka. Ya ɗauko dabarun zaman natsuwa, ya raba su da ibadar addini, ya shiga koya wa marasa lafiya masu ciwon da ya daɗe bai warke ba. Karatun na mako takwas ne. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako, kowa kuma ya yi minti 45 yana gwadawa a gida kusan kullum. Daga nan abin ya bazu zuwa asibitoci da makarantu na ƙasashe da dama. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani ɗan littafi mai hotuna domin mutanen da ke cikin matsi, kamar masu gudun hijira, yana koyar da irin waɗannan dabaru a minti kaɗan kowace rana.

Wani zai ce, to, wannan ba shiga addinin wasu ba ne? Tambayar tana kan hanya. Abubuwan da za mu bayar a nan babu kiran sunan kowa a ciki, babu durƙusa wa kome. Numfashi ne, da ido, da kunne, waɗanda Allah ya ba kowane ɗan Adam. A cikin tarihin ekklesiya ma akwai waɗanda suka koyi natsuwa a tsakiyar aiki. Ɗan'uwa Lorans, wanda ya rasu a shekarar 1691, ya yi shekaru da yawa yana dafa wa jama'a abinci a wani gidan masu ibada a birnin Faris na Faransa. Da fari ba ya son aikin madafa. Amma ya horar da kansa ya riƙa tunawa da Allah yana tsakiyar girki da wanke-wanke, duk sa'ad da hankalinsa ya kauce sai ya maido shi ba tare da damun kansa ba. Abin lura a nan shi ne bai jira sai aiki ya ƙare ba.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Idan kana noma ka ga maciji a gindin dawa, nan take wasu 'yan ƙananan halittu da ke bisa ƙoda sukan zuba wani sinadari cikin jini, ana kiransa adirenalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tsokoki su ɗaure, kafin ka ankara ka yi tsalle baya. Wannan shiri ne mai kyau, yana ceton rai.

Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da tunanin mai bin bashi sosai. In mutum ya yini yana juya damuwa a ransa, jikinsa yakan yini a ɗaure. Daga nan ciwon kai yake zuwa, da ciwon wuya, da saurin fushi, da rashin barci.

Ba ka iya umartar zuciyarka ta rage bugu, amma kana iya sarrafa numfashinka, shi kuma yana taɓa zuciya. Babban mutum da ke hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Ka ɗora yatsa a wuyan hannunka inda jijiya take harbawa, ka lura da kyau. Sa'ad da kake shaƙar iska bugun yakan ɗan ƙaru, sa'ad da kake fitarwa ya ɗan ragu. An fi jin wannan a jikin matasa. Saboda haka idan ka ja fitar numfashi ya fi shaƙa tsawo, kana taimakon jiki ya sauko.

TSAYAWAR NUMFASHI UKU

Manomi ba shi da minti 45 na zama a tsakiyar damina. Ga abin da zai iya yi a tsaye:

1. Ka tsaya. Ka sauke abin da ke hannunka, ko ka riƙe shi ba motsi.

2. Ka ji tafin ƙafarka a ƙasa. Ƙasar da zafi ko da sanyi? Da laima ko a bushe?

3. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka fitar sannu kana ƙirga shida. Ka yi haka sau uku.

4. Ka duba kewaye, ka lura da abu uku da kake gani da abu biyu da kake ji. Ka duba jikinka kuma. In kafaɗa ta ɗaure ka sake ta. In ƙishirwa ce ka sha ruwa.

5. Ka tambayi kanka: wane aiki ne a gabana yanzu? Ka ambaci guda ɗaya tak, ka kama shi.

Numfashin nan uku rabin minti ne. Duka matakan ba su wuce minti ɗaya ba. In ka yi sau goma a yini, minti goma ka kashe. Ka gwada wannan da lokacin da ake ɓatawa wajen neman wuƙar da aka manta inda aka ajiye, ko komawa gida ɗauko iri. Sauri ya haifi nawa.

A KAFA TURAKU

Dabarar ba ta da wuya. Mantuwa ce take kayar da mutane. Akuyar da ba a ɗaure ba takan shiga gonar wani, saboda haka ake kafa mata turke. Haka za ka ɗaure tsayawar nan a jikin abubuwan da ka saba yi kullum, don su riƙa tuna maka. Ga misalai:

Wanke fuska da asuba. Ka ji sanyin ruwan kafin lissafin yini ya shigo.

Hanyar gona. Ka zaɓi wata alama, ko kuka ko tsamiya ko gada. Daga nan zuwa gona ka bi tafiyarka da hankali, ka dubi gonakin gefen hanya. Wanda ya saba dubawa shi yake fara ganin ganyen masara ya yi rawaya, ko tsutsa ta shiga kan masara, ko wuta-wuta ta ɓullo, tun abin bai yi nisa ba.

Ƙarshen kunya. Dama kakan miƙe ka sake baya. Ka ƙara numfashi uku a kai.

Kalaci. A ajin Kabat-Zinn akan ba ɗalibi busasshen inabi guda ɗaya, ya duba shi, ya sansana, ya tauna sannu. Kai ka yi da loma uku na farko: ka ci ba magana, ka ji ɗanɗanon abin da ka noma.

Jira. Iyayenmu mata sukan daɗe a layin famfo da na injin niƙa. Maimakon ki tsaya rai yana tafasa, ki sauke kaya, ki saki kafaɗa, ki yi numfashin nan. Layin ba zai ragu ba, amma za ki koma gida da sauran ƙarfi. Haka nan wajen tankaɗe da tuƙa tuwo, ki bar hankali ya bi hannu.

Ƙofar gida da maraice. Kafin ka yi sallama ka tsaya. Gajiyar gona da haushin wanda shanunsa suka yi maka ɓarna, ba yaranka ne suka jawo su ba.

Kada ka ɗauki duka gaba ɗaya. Ba a tauna taura biyu. Ka fara da turke biyu, in sun kafu ka ƙara.

WURARE HUƊU DA BA A WASA

A ƙasar Japan direbobin jirgin ƙasa suna da wata al'ada. In direba ya zo ga alamar hanya, yakan nuna ta da yatsa, ya faɗi abin da ya gani da baki, ko da shi kaɗai ne a wurin. Suna yin haka don hannu da baki su jawo hankali zuwa inda ido yake. Mu ma muna iya aron wannan a wurare huɗu.

Na ɗaya, haɗa maganin feshi. Ka karanta takardar kwalba, ko ka sa a karanta maka. Ka ce wa na kusa da kai su dakata da magana. Kowane awo ka zuba, ka faɗa da ƙarfi, "ɗaya", "biyu", ka ajiye tsakuwa guda a gefe. In an katse ka, tsakuwa za ta gaya maka inda ka tsaya. Kafin ka fara feshi ka tsaya ka ji inda iska take kaɗawa, don kada ta maido maka maganin a fuska. In bakin feshi ya toshe, hannu zai so ya kai shi baki a hura. A nan ne tsayawar daƙiƙa biyar take ceton mutum. Kada ka hura da baki, ka wanke shi da ruwa. Ka tuna kuma ko tankin an yi feshin maganin ciyawa da shi jiya, gama sauran da ya rage a ciki yana iya ƙona wake ko tumatir.

Na biyu, inji. Kafin a tayar da injin niƙa ko na casa, mai inji ya nuna bel da yatsa, ya dubi rigarsa, da gyalen mai niƙa, da inda yara suke. In abu ya maƙale, a kashe inji, a jira ya tsaya cik, kana a sa hannu.

Na uku, babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi kusantar haɗari wajen sau huɗu. In waya ta yi ƙara, ka tsaya gefen hanya, ko ka bar ta. Kafin ka tayar da babur, numfashi uku, sa'an nan ka sa hular kwano.

Na huɗu, kuɗi da awo. Sa'ad da ma'aji yake ƙirga, ko ana rabon buhunan taki, ko ana auna hatsi, a yi shiru. Mai ƙirga ya faɗa da baki, magatakarda ya maimaita, kana ya rubuta. Kan ɗan Adam ba ya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda, masana sun ce wajen huɗu ne. In ka sa wa mai ƙirga baki da gaisuwa, ka ture masa ɗaya daga ciki. Ƙungiyoyi sukan watse a kan mudu biyu da ba wanda ya sata, mantuwa ce kawai.

IN FUSHI KO DAMUWA YA TASO

Fushi yakan ba da alama kafin ya kai baki. Wani ƙirjinsa ke zafi, wani haƙoransa ke cijewa, wani muryarsa ke hawa. Ka san taka alamar. Da ka ji ta, ka ce a zuci, "Ga fushi ya zo." Ambaton sunansa yakan sa ɗan rata tsakaninka da shi. Sa'an nan ka fitar da numfashi ɗaya mai tsawo kafin ka amsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A wajen taro, shugaba yana iya cewa a yi shiru na minti ɗaya in muryoyi sun fara hawa.

Damuwa ma haka. Tunanin bashi zai zo maka kana tsakiyar noma. In ka ce za ka kore shi da ƙarfi, sai ya ƙara dawowa. Ka ce, "Ga tunanin bashi," ka sa masa lokaci: "Bayan cin tuwon dare zan zauna da uwargida mu duba." Ka koma ga fartanya. In lokacin ya yi kuwa, ka cika alkawari, ku zauna ku yi lissafin da gaske. Natsuwa ba ta hana shiri domin gobe. Tana ba shiri nasa lokaci, aiki nasa lokaci.

Da dare, in ayyukan gobe sun hana ka barci, ka rubuta su, ko ka faɗa wa yaro ɗan makaranta ya rubuta. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Baylor ta Amurka sun gwada mutum 57. Waɗanda suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci. Abin da takarda ta riƙe, kai ya huta da ɗaukarsa.

ABIN DA DABARAR BA TA YI

Kada mu yi muku alkawarin da ya wuce gaskiya. A shekarar 2014 likitoci a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mutum 3,515. Sun tarar horon natsuwa yana rage fargaba, da baƙin ciki, da jin ciwo, amma ragi ne matsakaici. Ba su kuma ga shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. Ku lura, waɗannan mutane ne da suka yi cikakken horo na makonni. Tsayawar minti ɗaya ƙaramar taimako ce, sai an dinga yi ake ganin amfaninta.

Natsuwa ba ta maye gurbin barci, ko abinci, ko ruwan sha. Ba ta rage yawan aiki. Maigidan da ya bar wa matarsa ruwa da itace da girki da noma, sa'an nan ya ce mata "ki natsu", bai fahimci wannan takarda ba. Wanda ya buɗe ido da gaske zai ga nauyin da ke kan na kusa da shi, ya sa hannu. Inda aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya kuwa, gayya tana nan.

Ga gargaɗi uku:

Mai hawan jini ko wani ciwo kada ya daina shan maganinsa.

In bayan feshi ka ji jiri, ko gumi mai yawa, ko yawu yana zuba, ko gani ya dushe, ko amai, wannan ba damuwa ba ce, alamar guba ce. Ka tuɓe kayan, ka wanke jiki da sabulu, a kai ka asibiti nan da nan tare da kwalbar maganin.

Waɗanda suka ga tashin hankali ko suka yi babban rashi, wani lokaci rufe ido da zama shiru yakan maido musu da abin da suka gani. Irin waɗannan su bar ido a buɗe, su dubi abubuwan da ke kewaye, su taɓa ƙasa ko bango. In abin ya dame su, su bari. Wanda kuma baƙin ciki ya riƙe shi mako biyu ko fiye, ba ci, ba barci, ba sha'awar kome, ko yana tunanin kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A raka shi wurin ma'aikacin lafiya. Ciwo ne kamar sauran ciwo, yana kuma da magani.

A GWADA A ƘUNGIYA

Abin da mutum ɗaya yake mantawa, jama'a sukan tuna masa. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta gwada na mako huɗu kamar haka.

Mako na fari, a karanta matakan nan biyar a taro, a yi su tare a tsaye. Za a yi dariya, ba laifi. Kowa ya zaɓi turakunsa biyu, ya faɗa wa na kusa da shi.

Mako na biyu, a sa dokar shiru a lokacin ƙirga kuɗi da rabon kaya.

Mako na uku, masu feshi da masu inji su fara nunawa da yatsa da faɗa da baki.

Mako na huɗu, a zauna kowa ya faɗi abin da ya gani, har da wanda ya ce bai ga wani bambanci ba.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. A cikin ayyukanmu na damina, wanne ne kuskure kaɗan yake jawo babbar hasara?

2. Wane lokaci ne na yini aka fi samun faɗa a gidajenmu? Me ya sa?

3. Wane aiki ne za a iya ɗauke wa mata a watannin noma, don su ma su sami sararin numfashi?

4. Wa za mu sa ya riƙa tuna mana da minti ɗaya na shiru kafin lissafi?

Magatakarda ya rubuta amsoshin, ya aiko mana, don sauran ƙungiyoyi su ƙaru da abin da kuka gano. Wanda ya manta kwana uku kada ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ya ja igiya ya maido bijimin kan layi, ya ci gaba daga inda yake. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu a bakin aiki.